Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Jawabin da aka gabatar a taron reshe kan sayar da kamfanonin gwamnati



Wani zai ce, me ya haɗa mai alli da zancen sayar da kamfanoni? Amsar tana cikin takardar kuɗin wuta da ake kawo mana kowane wata.

Mu waiwaya kaɗan. A da, gwamnati ce ke riƙe da lantarki da tarho da jiragen sama. Da kuɗin mai ya ja baya, aka shigo da SAP a 1986, sannan a 1988 aka kafa kwamitin sayar da kamfanoni ƙarƙashin marigayi Dakta Hamza Zayyad. Daga 2013 kuma aka miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kashi 40 cikin ɗari na hannun jarinsu.

Ba mu ce jiya ta fi yau ba. Dattawanmu sun san wuyar samun layin tarho kafin a ba da lasisin wayar salula a 2001. Wannan gyara ya yi albarka ne saboda kamfanoni suna gasa: wanda ya ɓata maka, sai ka sauya layi. Lantarki kuwa, kowane yanki kamfani ɗaya ne, mai saye ba shi da wurin gudu. Inda babu gasa, hukuma ce kaɗai garkuwar talaka. Don haka sayar da kamfani bai sauke wa gwamnati nauyi ba. Ta dai tashi daga mai shago ta koma alƙalin kasuwa, mai duba mudu da awo.

Me ya rage gare mu? Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wato hukuncin ya matso kusa da mu. Muna ba da shawara reshe ya kafa kwamiti da zai tattara takardun kuɗin ƙiyasi da ake ɗora wa gidajenmu da makarantunmu, ya nemi mita ga kowa, ya kuma tura wakilai duk zaman jin ra'ayin jama'a kan farashi.

Da harajin iyayenmu aka kafa turakun nan. Neman bayani a kansu haƙƙinmu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi mana jagora.