Mai Jiran Tsadar Hatsi

Mu dubi al'amarin hatsi. Idan damina ta yi kyau, ƴan kasuwa sukan gaggauta fito da buhunan gero don tsoron faɗuwar kuɗinsa. Idan ruwa ya yi jinkiri, sai a garƙame mangaza, tiya ta gagari talaka, alhali hatsin yana nan. Tsammani ne ya kulle ƙofar.

Annabi Yusufu ya tara hatsi shekara 7 domin ciyar da jama'a. Mai ɓoyo kuwa yunwarsu yake jira, har zuciyarsa ta fara ƙin ganin hadari. Manzon Allah (SAW) ya kira shi mai saɓo.

Mu buɗe rumbunanmu cikin wannan wata, mu ci riba daidai. Allah ya sa mu dace.