Waƙar da Na Fi So



An ce in faɗi waƙar da na fi so. To, "Waƙar Karen Mota" ce, ta marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Abin da ban taɓa gaya muku ba, duk hutu karen mota nake yi tsakanin Gwarzo da Kabo, in haɗa kuɗin makaranta. In kun sa kaset ɗin a ɗakin kwana kuna ƙyaƙyatawa, sai in sulale waje.

A jami'a na ji jitar Tinariwen, Buzayen Mali, ta kuwa shiga raina. Amma har yau, ko a ofis na ji kuntigin nan, sai na ajiye biro.