Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi Kan Gadon Zane-Zane



An nemi mu yi tsokaci a kan zane-zanen da ake bugawa a takarda da alluna, wato irin su tambari da fasta da bangon littafi da kalanda. Abin da muke so mu jawo hankalinku gare shi shi ne, duk zanen da ya burge ido a yau, akwai na jiya da ya haife shi.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Jamus. A shekarar 1919, wani masanin tsara gine-gine mai suna Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar. Manufarta ita ce a rage ƙyale-ƙyale, a bar amfanin abu ya tantance siffarsa. Malamanta sun ƙarfafa amfani da da'ira da murabba'i da kusurwa uku, da kuma haruffa miƙaƙƙu marasa ado. An mayar da ita Dessau a 1925, sannan matsin lambar 'yan Nazi ya tilasta rufe ta a Berlin a 1933. Shekara 14 kacal ta yi a duniya.

To amma rufe ƙofar makaranta bai kashe iliminta ba. Malamai da ɗalibai suka watsu, kowa da guzurinsa. Moholy-Nagy ya buɗe sabuwar Bauhaus a Chicago ta Amurka a 1937. Max Bill, tsohon ɗalibinta, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar zane ta Ulm a 1953. A ƙasar Suwizalan, inda wannan aƙida ta sauƙaƙawa ta samu gindin zama, Max Miedinger ya fito da haruffan Helvetica a 1957, waɗanda wayar iPhone ta farko ta yi amfani da su a 2007. Haka kuma Otl Aicher na Ulm shi ne ya tsara ƙananan alamomin 'yan wasa na gasar Olamfik ta Munich a 1972, da layuka da ɗigo kawai. Duk wanda ya taɓa bin alamar ƙofar fita a filin jirgin sama ba tare da ya tambayi kowa ba, ya ci moriyar irin wannan tunani.

Me ya sa wannan gado ya ɗore? Saboda an rubuta shi, an ɗauki hotunansa, an koyar da shi, kuma an samu magada.

Ba a Turai kaɗai aka gane haka ba. A 1958, wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiya don haɗa dabarun da Turawa ke koya masu da zanen iyayensu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mayar da shi tushen koyarwarsa a Jami'ar Nsukka.

'Yan'uwa, mu fa ina namu? Muna da dagi, da aska biyu da aska takwas a wuyan babbar riga, da zanen da magina ke yi a fuskar soro, da sassaƙar ƙwarya, da adon dukawa. Amma a kowace damina sai wani tsohon soro ya faɗi, ko kuma mu da kanmu mu aiko da kuɗi daga birni a rushe shi a sa bulo. Tsofaffin da suka san sunan kowane zane suna ƙarewa. 'Ya'yanmu kuwa da ke tsara katin biki a kwamfuta, sai kwaikwayon na wasu, don ba mu ajiye masu na gida ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, a ɗauki hoton duk wani gini mai zane da ya rage a garin nan kafin damina ta gaba. Na biyu, a zauna da magina da maɗinka da dukawa a rubuta sunayen zane-zanensu da ma'anoninsu. Na uku, a ba matasanmu waɗannan hotuna su tsara mana bangon kalandar baɗi da su.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.