Ledar Rogo: Jawabin Shugabannin Ƙungiya a Bikin Zagayowar Ranar Kafuwarta

 

Yau za mu taɓo abin da kowace mai sana'a a cikinmu take kashe wa kuɗi kullum, wato leda. Mai ƙuli-ƙuli, mai yaji, mai dambun nama, mai zoɓo, duk da leda muke ƙullawa. To amma ina take zuwa bayan an cinye abin da ke ciki? Ita ce ke toshe kwata da damina har ruwa ya shigo gida. Ita ce mahauta ke cirowa a tumbin akuya da saniya. Daga man fetur ake yin ta, shi ya sa ƙasa ba ta cin ta.

Hukumomi kuma sun fara motsi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a 2024. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai mafita a gonakinmu. Ana yin leda da sitacin rogo ko na masara. A Indunusiya har kasuwa ake kai jakar rogo, alhali babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya. Yadda ake yi kuwa ba baƙo ba ne ga mai dama koko. Ana kwaɓa sitaci da ruwa, a zuba ɗan ruwan khal, a ƙara gilisarin, wannan dai da muke sa wa man shafawa. Shi ke hana ta karyewa. A ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya yi garai-garai, sannan a shimfiɗa shi siriri a faranti ya bushe, a ɓare. In an binne ta a ƙasa mai danshi, ruɓewa take yi.

Sai dai, 'yan uwa, mu san iyakarta. Ledar sitaci ba ta shiri da ruwa. Za ta riƙe ƙuli-ƙuli, gyaɗa da garin kuka, amma zoɓo da kunu za su jiƙa ta. Rogo mai ɗaci yana da guba, don haka dole a wanke sitacin sosai. Kuma mu yi hattara da ledar da ake cewa tana narkewa, alhali dagargajewa kawai take yi ta zama ƙananan ɓarɓashin roba.

Shawararmu ita ce mu fara da kaɗan. Masu sarrafa rogo su tara sitacin da ke kwantawa a ruwan matsa, a gwada a busassun kaya, a lissafa kuɗin kafin a taɓa asusun adashe. In ta karɓu, mu tuntuɓi hukumar NAFDAC kafin mu kai kasuwa. Alala kuwa a mayar da ita ganye, yadda iyayenmu suka yi.

Duk mai son shiga gwajin ta ba sakatariya sunanta kafin a watse.