Makamin da ba ya kuskure, da barnar da ya bari a ƙofarmu

 

Ni ɗan Droum ne, kuma yau zan yi magana a kan wani makami da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma ya taɓa rayuwarmu. Faransawa na kiransa SCALP, Ingilishi na ce masa Storm Shadow, kamfanin MBDA ke ƙera shi.

Makami ne mai linzami da jirgin yaƙi ke saki daga sama. Tsawonsa ya haura mita 5, nauyinsa kusan kilo 1,300, bam ɗin da ke kansa kilo 450. Yana cin tafiyar fiye da kilomita 250, wato kamar daga Damagaram zuwa Kano, don haka matuƙin ba ya ko kusantar wurin. Da an sake shi sai ya sauko ƙasa-ƙasa yana bin tudu da kwari, kuma an tsara siffarsa yadda na'urar hangen jirage za ta sha wuyar ganinsa. Tauraron ɗan adam da taswirar da aka ɗora masa ke yi masa jagora. In ya kusa, kyamara mai gane zafi ta gwada abin da ta gani da hoton da aka ba ta. Bam na farko ya huda gini, na biyu ya fashe a ciki. Guda ɗaya ya fi miliyan 500 na sefa.

Kakanninmu ma sun san darajar makami; Sarki Tanimun ya sa an ƙera igwa a birnin Damagaram. Sai dai mai harba igwa yana ganin wanda ya harba. Wannan kuwa a'a.

To, ina ruwanmu? Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1973, bayan kwana biyu aka fara ruwan wuta a Libiya. Faransa da Ingila sun harba wannan makami a kan sansanonin sojan Gaddafi. A watan Mayu, a taron G8 na Deauville, shugaba Mahamadou Issoufou ya gargaɗe su kan abin da rushewar Libiya za ta jawo wa Sahel. Ba a saurare shi ba. Ranar 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte.

Yayana yana aikin gini a Libiya lokacin. Kuɗin da yake aikowa shi ke cike mana gurbi in hatsi ya ƙare kafin kaka. A bayan babbar mota ya dawo ta Agadez, daga shi sai rigar jikinsa. Ku tambaya a ƙauyukanmu, gida nawa ne ke da irin wannan labari?

Rumbunan makaman Libiya suka zama na kowa. A 2012 arewacin Mali ya faɗi. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a Agadez da Arlit.

Masu sayar da makamin suna alfahari cewa ba ya kuskure, kuma wallahi kusan gaskiya ne. Yana iya samun gini ɗaya cikin dubu. Amma ba wanda ya ɗora masa taswirar abin da zai biyo baya, mu muka ɗauki wannan kayan.

Har yanzu yana aiki: an harba shi a Siriya a 2018, an ba Yukren shi a 2023. Saboda haka duk ranar da kuka ji wata ƙasa, ko wace ce, tana cewa za ta kai hari mai tsabta a maƙwabtanmu, kada ku tsaya kallon bidiyon a Facebook kuna tafi. Ku tambaya: bayan an rushe, wa zai riƙe ƙasar? Wa zai tsare rumbunan makamai? Ƴan uwanmu da ke ci-rani can, ta wace hanya za su fito?

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.