Taba da kwanciyar hankali

Yau hirarmu a kan taba take.

Mai shan sigari yakan ce: "In na sha kara guda, hankalina kwanciya yake." To, ga dalili. Cikin taba akwai wani dafi, sunansa nikotin. Jiki yana sabawa da shi. In ya ragu cikin jini, sai mutum ya ji haushi, ya kasa zama. In ya sake sha, sai abin ya lafa. Ke nan taba ce ke tada hankali, sannan ta kwantar da shi na ɗan lokaci.

Wanda ya bari, satin farko ne mai wuya. Bayan sati 3 ko 4 yakan samu sauƙi. In ya tsaya salla, zuciyarsa tana wurin Allah, ba ta wurin aljihu.

Mu yi lissafi. Dala 20 kullum, a wata jika 3 ke nan. Kuɗin hatsin iyali ne.

A watan azumi kana haƙuri tun asuba har magariba. Ɗan'uwa, ashe kana iyawa. Ka tsai da rana, ka gaya wa iyalinka, ka je likita a taimake ka.

Sai wani sati, in Allah ya kai mu.