Gashin da ke Tafiya a Ƙarƙashin Fata



Akwai wata larurar fata da ba kasafai ake ganinta ba, wadda wani likita mai suna Yaffee ya bayyana a shekarar 1957. Guntun gashi mai tsini ne ke huda fata kamar ƙaya, sau da yawa a tafin ƙafa, ya shige ciki, motsin jiki yana tura shi gaba, yana barin jan layi a bayansa.

Da ganin layin sai a ɗauka tsutsar nan ce da ake kwasa daga ƙasar da karnuka da kyanwoyi suka yi kashi. To, amma akwai bambanci. Tsutsa tana tafiya a karkace, ga ƙaiƙayi mai tsanani. Shi kuwa gashi kusan miƙe yake tafiya, ƙaiƙayinsa kaɗan ne ko babu. Likita na ɗora madubin ƙara girma zai hango baƙin sili kwance. Sai ya ɗan tsaga fatar, ya zare shi da hantsaki, wurin ya warke.

Don haka iyaye, in kun ga irin wannan layi a fatar yaro, kada ku ɗura masa maganin tsutsa da ka, ku kai shi asibiti. Masu aski kuma, ku riƙa share gashi, ku sa takalmi a shago.

Allah ya ƙara mana lafiya.